KALMA DA MA'ANARTA: "Core", darasin kowa ko darasin kora?

A wannan fili mukan ɗauki kalma ɗaya daga cikin kalmomin da 'ya'yanmu ke shigo mana da su gida daga makaranta, mu juya ta, mu ga abin da ke cikinta. Kalmar wannan karon ba ni na zaɓe ta ba. Wata gwaggona ce ta kawo mini ita, a naɗe cikin leda, bayan sallar la'asar.

Gwaggon nan tawa ta fi shekara ashirin tana sayar da koko da ƙosai a Maamobi, kuma da wannan sana'ar ta riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mahaifinsu. Autanta ne ya gama sakandare, sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito. Ta zo neman Malam, ta tarar ya tafi jana'iza, sai ta same ni a zaure. Ta ce, "Ɗan Malam, tunda Yaya ba ya nan, duba mini takardar ƙanenka. Wasu sun ce ya ci, wasu sun ce bai ci ba."

Na warware takardar. Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai: A1 a darasin addinin Musulunci, A1 a darasin sha'anin mulki, B2 a tarihi, B3 a tattalin arziki. Ingilishi C4, kimiyya C6. Layi ɗaya ne kawai ya ɓata, layin lissafi, wanda aka rubuta kalmar "core" a gefensa. Nan ya samu E8. Na ce, "Gwaggo, ya ci bakwai cikin takwas, amma ɗayan da ya faɗi shi ne ke riƙe da ƙofar jami'a."

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ni fa na sha jin yana cewa kwo, kwo. Na tambaye shi mene ne kwo, ya ce darasin da kowa ke yi ne. Sai na ce a raina, abin da kowa ke yi ai ba shi ne abin damuwa ba. Kuɗin karatun ƙari da na tara, duk a kan waɗanda ya zaɓa da kansa na zuba su." Da na gama yi mata bayani sai ta gyara mayafi ta ce, "Ashe ba na kowa ba ne, na kora ne."

Na yi dariya a lokacin, Allah Ya gafarta mini, amma da dare abin ya hana ni barci. Baiwar Allah ta yi duk abin da ake so uwa ta yi. Ta tambaya, ta biya, ta yi addu'a. Fassarar kalma ɗaya ce ta karkatar da gumin shekara uku zuwa inda bai fi buƙata ba.

Ga masu karatunmu na ɓangaren Faransanci, waɗanda suka yi karatu a Lome ko Yamai ko Wagadugu kuma 'ya'yansu ke makarantun Gana, bari in fayyace tsarin a taƙaice. Jarrabawar WASSCE, wadda hukumar WAEC ke shiryawa, ta maye gurbin SSSCE a ƙasar nan a 2006. A tsarin da 'ya'yanmu suka daɗe suna rubutawa, darussa huɗu ne ake kira "core": Ingilishi, lissafi, kimiyya, da ilimin zamantakewa. Sauran, waɗanda ɗalibi ke ɗauka gwargwadon fannin da ya shiga, su ne "elective". Maki yana tafiya daga A1 zuwa F9, kuma mai neman digiri ana so ya kawo C6 ko abin da ya fi shi a darussa shida: uku daga na farko, dole da Ingilishi da lissafi a ciki, uku daga na biyu. A1 goma ba sa goge E8 ɗaya a lissafi. Sabuwar manhajar sakandare da aka fara a shekarar karatu ta 2024/2025 ta sauya wasu sunaye da rabe-rabe, saboda haka kowane uba ya tambayi makarantar ɗansa yadda jerin yake a ajinsa, amma kalmar tana nan daram. Kuma ƙanen nan nawa ba shi kaɗai ba ne: a sakamakon 2025, fiye da rabin ɗaliban makarantun Gana da suka zauna wannan lissafi ba su kai C6 ba.

To, mene ne asalin kalmar? Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a ma'anarta ta kusa, "core" abin zubarwa ne. Idan ka sayi tuffa a wurin masu talla a bakin danja, ka gatsa ta kewaye har ka iso wurin nan mai tauri da 'ya'ya a ciki, abin da ka jefar shi Bature ke kira "core". Idan mai abarba ta fere maka ita, ta yanka gefe-gefe ta bar sandar nan ta tsakiya mai kaushin harshe, ita ma sunanta ke nan. Kalmar tana cikin rubutun Ingilishi tun ƙarni na 14. Wasu masana suna danganta ta da kalmar Faransanci ta zuciya, "cœur", kuma kunne yana son wannan dangantaka, sai dai masu binciken asalin kalmomi ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Mafi kusa da wannan ma'ana a Hausa, a ganina, ita ce totuwa: abin da ya rage a hannunka bayan ka cinye gasasshiyar masara.

Ta yaya totuwa ta zama abin da ke hana yaro shiga Legon? Amsar tana ga wanda ke kallo. Mai ci yana ganin shara. Amma a cire totuwa tun masara tana gona, a gani ko ƙwaya ɗaya za ta samu wurin zama. Sandar abarba ita ce duk tsokar ke manne da ita, kuma cikin tuffa nan iri yake kwance. Daga nan kalmar ta yi tafiya, ta koma nufin abin da ke can ciki wanda sauran jiki ya doru a kansa. Malamin kimiyya zai gaya wa yaro cewa ƙasar da muke takawa tana da nata "core", wanda ke farawa wajen kilomita 2,900 a ƙarƙashinmu, galibinsa ƙarfe ne, na wajensa narkakke, na cikinsa daskararre, kuma wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ita ta gano na cikin a 1936 ta hanyar nazarin girgizar ƙasa. Saurayin da ke sayar da kwamfuta a Tip Toe Lane zai ce maka wannan Core i5 ce, waccan Core i7, sunan da kamfanin Intel ya raɗa wa injin da ke aikin lissafi a cikin na'urar tun 2006. Bankuna da makarantu kuma sukan rubuta "core values" a bango da fenti mai kyau, wato ɗabi'un da suka ce su ne jigon aikinsu. Ko suna aiki da su, wannan sai a tambayi wanda ya taɓa bin layi a ciki.

Ya kamata a rarrabe ta da 'yan'uwanta biyu, domin mu duka "tsakiya" muke ce musu idan muna gaggawa. "Middle" wuri ne kawai tsakanin gefe biyu. Iyayenmu da suka yi boko kafin gyaran ilimi na 1987 sun yi "Middle School", makarantar da ke tsakanin firamare da sakandare, kuma har yau akwai dattawa a Nima da ke alfahari da takardar Fom Fo. "Centre" kuwa cibiya ce, inda hanyoyi ke haɗuwa ko jama'a ke taruwa, shi ya sa ake kiran wajen Makola "Accra Central", ake kuma kiran inda yara ke zaman jarrabawa da wannan suna. Ana iya ɗauke cibiyar jarrabawa daga wannan makaranta a kai waccan, jarrabawa ba ta fasu ba. "Core" ba ya ɗaukuwa haka. Idan ya tafi, abin ya tashi daga sunansa.

A nan ne karatun zaure ya fi karatun aji taimakona. Larabci ma ya raba biyun. Yana da "wasaɗ" ga tsakiya, yana da "lubb" ga abin da ke can ciki, kishiyar "ƙishr", wato ɓawo. Jam'in "lubb" shi ne "albab", kuma duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya sha wucewa ta kan ulul albabi, waɗanda malaman tafsiri ke fassara mana da ma'abota hankali. Hankali shi ne "lubb" na mutum ke nan. Daga saiwar nan ne Imamu Suyuɗi ya sa wa littafinsa na dalilan saukar ayoyi suna Lubabun Nuƙul, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya kira taƙaitawar da ya yi wa Madkhal na Ibnul Hajji da Lubabul Madkhal, ma'ana ya tace ya fitar da ƙwayar. Sai dai ku lura da bambancin hoton. Balarabe yana kallon abu irin gyaɗa: a fasa kwasfa a zubar, a ci na ciki. Bature yana kallon tuffa: a ci na waje, a bar na ciki. Sun taso daga gefe biyu, suka haɗu a kan cewa na cikin shi ne asali. Faransanci kuwa ya rarraba aikin ga kalmomi da yawa: ragowar tuffa "trognon", ƙwallon mangwaro da cikin ƙasa "noyau", darussan da kowane ɗalibi ke yi kuma "tronc commun", wato gangar itace da rassa duka ke fita daga gare ta. Wannan na ƙarshe ya fi gaskiya ga iyaye, domin wanda ya ji an ce ganga ba zai tsaya shayar da reshe ba.

Saboda haka ina roƙon matasanmu masu yi wa iyaye tafinta: kada ku ce "darasin kowa". Gaskiya ne kowa na yinsa, amma a kunnen Bahaushe abin kowa abin banza ne, kamar ruwan famfon unguwa. Ku ce ginshiƙan darussa, ko darussan da ba makawa. Wanda ya taɓa ganin ana gini ya san abin da ke faruwa da ɗaki idan ginshiƙi ya tsage, kome kyan fentinsa.

Akwai wata fassarar da na ji daga bakin wani mai wa'azi a wurin walimar sauka, wadda ta fi ta ƙanena kyau amma ita ma tana da rami. Ya ce "core" farilla ne, "elective" nafila. Jama'a suka yi kabbara. Rabin farko daidai ne. Rabi na biyu zai iya jefa wani yaron a ramin da ke ɗaya gefen, domin nafila idan ka bar ta ba ka da laifi, alhali darasin zaɓi uku ana lissafa su cif a makin shiga jami'a, kuma su ne ke nuna ko likitanci za ka karanta ko shari'a. Da ni ne da na ce: na farko farilla ce ta aini, wadda ke kan kowane mutum, na biyu farilla ce ta kifaya, wadda wasu ke ɗauke wa wasu. Ba kowa ne zai karanta ilimin magunguna ba, amma dole a samu mai karantawa, kuma wanda ya ɗauka ya ɗauka ke nan. Ba ni na ƙago wannan ƙiyasi ba daga iska. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin ilimi na Ihya'u ya lissafa likitanci da ilimin lissafi cikin farillan kifaya, kuma daga dalilan da ya kawo a kan lissafi akwai ciniki da rabon gado.

Bari in tsaya a kan gadon nan, domin a nan ne zuciyata ke ƙuna. Mun bar 'ya'yanmu sun ɗauka cewa lissafi kayan Nasara ne, abin tsoro, wanda sai 'yan wasu unguwanni ke iyawa. Alhali na tashi ina ganin Malam, Allah Ya ƙara masa lafiya, yana warware mas'alar gado a bayan ambulan kafin shayi ya huce. Ga misali: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tana da sumuni, ɗaya bisa takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Sai a nemi ƙaramin adadin da takwas da shida duka ke shiga ba saura, shi ne 24, asalin mas'ala. Mata ta ɗauki 3, mahaifiya 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, kawuna biyar ke nan, 17 kuwa ba ta rabuwa biyar. Sai a ninka 24 sau biyar, ta zama 120: mata 15, mahaifiya 20, kowane ɗa namiji 34, 'ya mace 17. A haɗa, 120 cif. Duk yaron da ke karanta wannan fili zai gane cewa abin da aka koya masa a ƙaramar sakandare ne da sunan LCM, ba ƙari ba ragi. Dattijon da bai taɓa zama a benci ba yana yinsa da alƙalamin kara, jikansa mai waya a aljihu yana cewa kansa ba ya ɗauka. Ita kanta gwaggona, a tsaya kusa da ita da hantsi a ga yadda take haɗa kuɗin mutum biyar, ta ba kowa canjinsa, ta riƙe bashin na shida a ka. A shiga kasuwar Nima ranar Laraba a ga masu awon hatsi da albasa. Lissafi bai taɓa zama baƙo a zango ba. Harshen da ake koyar da shi ne baƙo, da kuma tsoron da muke gadar wa yara tun suna aji huɗu.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda na san wasu iyaye ba za su so ji ba. Tunda mutane suka fara gane nauyin wannan kalma, sai ta zama hujjar kwashe yara daga makaranta. Tun daga 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, muna da makarantun da suka haɗa Ingilishi da Larabci, amma yawancin 'ya'yanmu har yanzu a ranakun Asabar da Lahadi suke samun karatun addini. A makarantar masallacinmu mun san lokacin da aji ke ramewa: da zarar yaro ya shiga shekarar ƙarshe ta ƙaramar sakandare, sai uba ya aiko cewa a yi haƙuri, yana da karatun ƙari na "core", zai dawo bayan BECE. Kaɗan ne ke dawowa. Daga nan sai makarantar kwana, daga nan sai gemu. Yaro ya tsaya a izu goma, bai gama Ahalari ba, bai iya wankan gawa ba, kuma wata rana shi za a kira ya tsaya a kan gawar uban da ya aiko saƙon.

Abin da nake so a lura da shi a nahawun kalmar shi ne, ba ta tsayawa ita kaɗai. Kullum sai an tambaya, "core" na me? Na tuffa daban, na ƙasa daban, na kwamfuta daban. Abin da WAEC ta kira da wannan suna, jigon takardarta ne, kuma tana da iko a kan takardarta. Ba ta ce shi ne jigon yaron ba, ba ta kuma da hurumin faɗa. Wannan tambayar an bar wa gida. Mu kuwa an riga an nuna mana inda za mu duba, a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, na shida a Arba'una ta Nawawi, wanda ya rataya gyaruwar jiki da ɓacinsa ga tsoka ɗaya, zuciya. Uban da ya rufe wa ɗansa ƙofar makaranta don ya ci lissafi, da uwar da ta manta da lissafi don ta ji an ce na kowa ne, duka biyun kalma ɗaya ce ta ruɗe su. Na fi tausaya wa uwar, domin ita ba a fassara mata daidai ba.

Mako yana da sa'o'i 168. Ban yarda cewa sa'a huɗu ta Asabar ita kaɗai ce ta rage wa lissafi ba, ga waya, ga ƙwallon Ingila, ga zaman bakin titi har sha biyun dare. Kuma ba a shekarar ƙarshe ake gyara ginshiƙi ba. Duk uban da ɗansa ya kawo takardar ƙarshen zango, ko bai iya karatu ba, ya sa a nuna masa layin Ingilishi da layin lissafi kafin kowane layi, tun daga shekarar farko. Idan ya ga ja a nan, a nan kuɗin karatun ƙari zai tafi. Malamanmu na makaranta su ma, da za su riƙa ba manyan ɗalibai mas'alar gado ɗaya kowane mako su warware da lambobi, da sun yi wa addini hidima sun yi wa WAEC, da alli ɗaya.

Ƙanen nawa ya yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu, wadda ake kira Nov/Dec, darasi ɗaya tak. Kuɗin rajistar daga tukunyar koko ya fito, kamar sauran. Yanzu yakan zo zaure bayan sallar asuba kafin ya tafi taya mahaifiyarsa jera kwanuka. Malam yakan ba shi mas'ala ɗaya, ni in ɗora masa tambayoyin shekarun baya. Ranar farko da ya kai 120 da kansa, ya ɗago kai ya dubi Malam ya ce, "Baba, ashe dama wannan ne?" Malam bai amsa ba, ya miƙa masa wata mai mata biyu da kaka.

Gwaggo kuwa kullum takan aiko mana da koko a fulas. Idan muka haɗu a hanya takan ce, "Ɗan Malam, yaya korar taku?" Nakan ce, "Gwaggo, muna kanta." Masu karatu su sa shi a addu'a, shi da sauran 'ya'yanmu da za su zauna a bana.